Babi na Shida: Jebba, Inda Kwara Take Ba da Mashigi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Legas daga Arewa ta Kontagora da Mokwa ya san Jebba, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar garin ba. Nan ne direba yake rage gudu a hau gada, fasinjoji su leƙa ta taga su ga ruwa ya rabu biyu ya kewaye tsibiri, ga wani ƙaton dutse tsaye shi kaɗai a tsakiyar kogi. Kafin a gama kallo an tsallake. Yawancinmu iyakar saninmu da garin ke nan, alhali wannan ɗan wuri ya taɓa zama fadar mulkin Arewa baki ɗaya, nan ne layin dogo ya fara ɗaure Kano da teku, kuma har yau wani kaso mai tsoka na wutar lantarkin Nijeriya daga nan yake tashi.

Dalilin duk wannan yana cikin ƙirar kogin. Daga Jebba zuwa sama, har Busa, a da Kwara cike take da duwatsu da gangaren ruwa mai ƙarfi. Daga Jebba zuwa ƙasa kuwa sai ta saki jiki, ta baje cikin fadamun ƙasar Nufe. Saboda haka jirgin da ya taso daga bakin teku, bayan tafiyar kusan kilomita 885, a nan yake cin birki ko yana so ko ba ya so. Tsibirin da ke tsakiya kuma ya raba faɗin ruwan, ta yadda mai son gina gada zai yi gajeru biyu maimakon doguwa ɗaya. Duk wanda ya zo Jebba da wata babbar manufa, soja ne ko injiniya ko ɗan kasuwa, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya jawo shi. Ba don mutanen wurin ya zo ba, kuma wannan ne ya tsara rayuwar garin tun daga farko har yau.

Mutanen wurin kuwa sun daɗe. Nufawa ne, masunta da 'yan fito, kuma a da wannan yanki na kogin yana hannun Kyadya, reshen Nufawa da suka riƙe harkar jiragen ruwa da kuɗin fito shekaru aru-aru. A tsibirin Jebba an adana tsofaffin mutum-mutumin tagulla, ciki har da na wani maharbi, waɗanda al'adar Nufawa take dangantawa da Tsoede, wanda ya kafa masarautarsu. Dutsen nan na tsakiyar ruwa, da Turawa suka laƙaba wa suna Juju Rock, wurin tsafi ne mai kwarjini a wancan zamani. Sai dai a ƙarni na 19 ba Jebba ce babbar mashiga ba. Fataken Hausa da ke gangarawa Ilorin da kanwa da dawakai da tufafin Kano sun fi tsallakewa ta Rabba, can ƙasa kaɗan, inda 'ya'yan Malam Dendo suka yi mulki kafin a koma Bida. Jebba ƙauye ce a gefen babbar hanya.

Hatsari ne ya fara shigar da sunanta littattafan Turawa. A watan Oktoba na 1857 wani jirgin ruwa mai tafiya da tururi, Dayspring, ya yi karo da dutse a ƙarƙashin ruwa kusa da Juju Rock ya farfashe. Jagoran tafiyar likita ne, William Baikie, kuma tare da shi akwai Samuel Ajayi Crowther da wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover. Ba wanda ya mutu a hatsarin, amma sun yi kusan shekara guda a sansani a bakin kogi suna jiran wani jirgin ya zo ya ɗauke su. Abin da ya biyo bayan wannan zaman dole ya fi hatsarin muhimmanci. Baikie ya ƙare a Lokoja, ya koyi Hausa, har ya kai Kano a 1862. Glover kuwa ya riƙa bin ƙasa tsakanin kogi da Legas, ya saba da Hausawan da aka bautar a ƙasar Yarbawa, kuma a 1863 ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a Legas, wadda sojojin Nijeriya suke ƙirgawa a matsayin tushensu. Ragowar ƙarafan Dayspring an tsamo su daga baya aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jebba.

Shekara arba'in bayan hatsarin, a farkon 1897, dakarun kamfanin Royal Niger ƙarƙashin George Goldie suka ci Bida, suka tsallake ta Jebba suka nufi Ilorin. A daidai lokacin Faransawa sun sauko har Busa, kuma Ingila ta ga kamfani ba zai iya tare su ba. Sai aka ba Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, aikin kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, ya kuwa dasa hedikwatarta a Jebba a 1898, domin nan ne wuri mafi nisa da jirgi zai iya kawo masa bindigogi da abinci. Da aka shelanta mulkin Ingila a kan Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, bikin ɗaga tuta a Lokoja aka yi, amma ofishin gwamna a Jebba ya zauna.

Bai daɗe ba. Wurin akwai zafi da zazzaɓi, kuma ya yi nisa da masarautun da Lugga yake hari. A 1902 aka kwashe zuwa Zungeru, shekara ta gaba Kano da Sakkwato suka faɗi. Shekara biyun nan ba su bar wa Jebba wani abin kirki ba, kuma ban ga dalilin yi musu dogon bayani ba. Barikin soja da ofishin gwamna abubuwa ne da ake naɗewa a tafi da su.

Abin da ya mai da Jebba gari shi ne reluwe, kuma saura ƙiris ya kuskure ta. A farkon ƙarni na 20 an yi ja-in-ja tsakanin gwamnatocin mulkin mallaka biyu. Ta Arewa tana son layin dogo daga Kano zuwa Baro, a bakin Kwara, domin kayan Arewa su bi ruwa zuwa teku ba tare da sun shiga hannun Legas ba. Ta Legas, ƙarƙashin Walter Egerton, tana son layinta da ya kai Ibadan a 1901 ya ci gaba har ya tsallake kogi. A 1907 Landan ta amince da duka biyun. Percy Girouard, injiniyan reluwe da ya gaji Lugga, ya fara jan layin Baro, wanda ya isa Kano a 1911. Layin Legas kuma ya kai Ilorin a 1908, ya kai Jebba a 1909, aka ci gaba da shi ta arewacin kogi har ya haɗu da na Baro a Minna. Zuwa 1912 jirgi yana iya tashi daga Legas ya sauka Kano, in ban da matsala ɗaya: babu gada a kan babban reshen kogin. Sai aka kawo wani jirgin fito mai suna Fabius wanda aka shimfiɗa wa dogo a bayansa, a tura taragu kansa kaɗan-kaɗan, ya tsallaka da su, a sake haɗa su a ɗaya gaɓar. Haka aka yi ta yi har aka gama gadar a 1916.

Daga ranar da gadar ta buɗe, Baro ta fara mutuwa. Ruwan Kwara yana ja da rani, manyan jirage ba sa iya hawowa sai 'yan watanni a shekara, ita kuwa gada ba ruwanta da damina ko rani. Gyaɗar da manoman Kano suka rungumi nomanta gadan-gadan tun 1912, da auduga, da fatu da ƙiraga, da shanu, duk ta Jebba suka riƙa gangarawa. Goro da gishiri da kananzir da atamfa kuma suna hawowa. Goron ma labarinsa ya sauya saboda wannan layi, domin fataken da a da suke shafe watanni a hanyar Gwanja sun koma sayen na ƙasar Yarbawa suna loda shi a tarago. Shekaru da yawa jirgi da mota gada ɗaya suke bi, in ɗaya zai wuce ɗaya ya jira. Jira kuwa shi ne abincin garin mashigi. Inda matafiyi ya tsaya dole, nan mai tuwo take kafa tukunya, mai bandar kifi ya baje, mai masauki ya buɗe ɗaki. Ma'aikatan reluwe suka zo daga kudu da iyalansu, Yarbawa 'yan kasuwa suka cika gaɓar kudu, Hausawa suka kafa unguwarsu da masallacinsu, Sarkawa masunta daga ƙasar Kabi suka biyo ruwa. Yau gaɓar kudu tana Jihar Kwara, ta arewa tana Jihar Neja, amma kasuwa ɗaya ake ci.

Bayan samun 'yancin kai, masu tsara tattalin arziki suka dubi taswira suka ga wuri mai ruwa ba iyaka, ga dogo, ga titi, ga wutar Kainji tana tafe. A Bacita, kimanin kilomita 20 gabas da Jebba, aka kafa gonar rake da kamfanin sukari wanda ya fara aiki a 1964. A Jebba kanta aka gina masana'antar takarda ta gwamnatin tarayya, ta fara aiki a 1969 da ƙarfin tan 12,000 a shekara. Tunanin mai kyau ne, kuma ba na cikin masu yi masa dariya yanzu don ya gaza. Ƙasar da take buɗe makarantu da kamfanonin siminti da na sabulu tana bukatar takarda da kwali, kuma bai dace ta dawwama tana sayo su da kuɗin waje ba. An raba aikin gida uku: Jebba ta yi takardar masana'antu, wato kwali da takardar buhun siminti da ta naɗe kaya, Oku Iboku, a Jihar Akwa Ibom ta yau, ta yi ta buga jarida, Iwopin a Jihar Ogun ta yi ta rubutu da ɗab'i.

Ga mutanen Jebba, masana'antar ta zo da abin da reluwe ma bai kawo ba sosai, wato albashi na wata-wata ga ɗimbin mutane a wuri ɗaya. Aka gina kwatas, aka samu makarantu da asibiti, aka samu masu walda da makanikai da masu gyaran lantarki da suka koyi sana'a a bakin inji. Ɗan masunci ya zama mai kula da tukunyar tururi. Wannan ilimi na hannu shi ne arzikin da garin masana'anta yake tarawa a hankali, kuma shi ne ya fi wuyar dawowa in ya watse.

Shekarar 1985 ce ƙololuwa. A cikinta aka kammala faɗaɗa masana'antar zuwa tan 65,000 a shekara, a cikinta kuma aka ƙaddamar da madatsar ruwa ta Jebba, 'yan kilomitoci sama da gada, mai injina shida da jimillar ƙarfinsu ya kai megawat 578. Wanda ya tsaya a Jebba a shekarar nan zai rantse garin ya kama hanyar zama babbar cibiyar masana'antu. Shekara goma bayan haka injinan takarda sun yi tsit, na lantarki suna ta juyawa. Bambancin da ke tsakanin ayyukan biyu ya cancanci a tsaya a kansa.

Takarda daga kullun itace ake yin ta. A daddatse itace, a dafa shi da sinadarai har zarurrukan cikinsa su rabu, a wanke, a shimfiɗa kullun a kan raga, a matse, a busar. Amma ba kowane itace ne yake ba da zare iri ɗaya ba. Itatuwan ƙasashe masu zafi, irin su malaina da aka shuka gandu-gandu domin wannan aiki, gajeren zare gare su. Takardar da za ta riƙe kilo hamsin na siminti ba tare da ta yage ba kuwa sai an haɗa mata da dogon zare, irin na itatuwan ƙasashe masu sanyi. Wannan dogon zaren daga waje ake sayo shi, haka ma yawancin sinadarai da kayan gyaran inji. Muddin naira tana da ƙarfi, ba wanda ya damu. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya a farashin gwamnati. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Janar Babangida ta saki farashin canji ƙarƙashin shirin SAP, zuwa 1987 sai an ba da kimanin naira huɗu kafin a samu dala, zuwa 1993 kuma kusan naira 22. Masana'antar da aka gama faɗaɗawa da bashi shekara ɗaya kafin wannan guguwa ta wayi gari ba ta iya sayen abin da za ta zuba wa injinanta. Aka riƙa aiki rabi-rabi, inji ya lalace a ciro kayan wani a gyara shi, albashi ya fara makara, har zuwa tsakiyar shekarun 1990 aka tsaya cak. An sha ɗora laifin a kan rashin iya gudanarwa irin na kamfanonin gwamnati, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ko da mala'iku aka naɗa manajoji, masana'antar da cikinta yake ƙetare ba za ta tsira daga irin wannan faɗuwar kuɗi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: maganar dogon zare tun ranar aza harsashi ya kamata a warware ta. 'Yan'uwanta biyu ma ba su tsira ba, Oku Iboku ta tsaya, Iwopin kuwa ba ta taɓa yin aiki yadda aka tsara ba. Bacita ita ma ta bi sahu.

Madatsar ruwa kuwa abincinta kogi ne, kuma kogi ba ya neman dala. Kwara tana da wata baiwa da ta sa ta dace da wannan aiki: sau biyu take cika a shekara. Akwai farar ambaliya, wadda ruwan daminar nan kusa yake kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan ya yi fari da laka. Akwai kuma baƙar ambaliya, ruwan da ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali inda yake zubar da lakarsa, sannan ya iso Nijeriya garau a tsakiyar hunturu, lokacin da sauran koguna suke ƙafewa. Kainji, wadda aka gama a 1968 kimanin kilomita 100 sama, ita take fara tare ruwan ta juya injinanta, ta sako shi, Jebba ta sake cin moriyarsa. Daga tashar rarraba wuta ta Jebba manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 330 suke fita zuwa Osogbo da Shiroro. Tun 2013 kamfanin Mainstream Energy Solutions ne yake gudanar da madatsun biyu. Har Yamai ma tana da kaso a ruwan nan, domin layin da yake kai wa Jamhuriyar Nijar wuta daga Kainji yake tashi ta Birnin Kebbi, shi ne aka katse a watan Agusta na 2023 bayan juyin mulki, aka mayar a 2024.

To amma madatsa ba ta gina gari kamar yadda masana'anta take yi. Lokacin gini tana ɗaukar dubban leburori, da an gama sai su watse, a bar 'yan ɗaruruwan ƙwararru a bayan shinge. Abin da take samarwa a kan waya yake ficewa, ba ya bi ta kasuwa balle wani ya ci riba a hanya. Wahalarta kuwa a gida take zama. An tashi ƙauyuka da dama da tafkin ya cinye. Manoman shinkafa da rake na fadamun da ke ƙasa da madatsa, daga Jebba har Patigi da Muregi, sun koma zaman ɗar-ɗar duk ƙarshen damina, domin in tafki ya cika dole a buɗe ƙofofi, kuma ruwan gonakinsu yake bi. Ƙorafin da suka daɗe suna yi shi ne ya haifar da hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, wadda aka yi dokarta a 2010 amma sai bayan kimanin shekara goma ta fara aiki. Abin takaici ne a ce mutumin da ruwan madatsa ya cinye wa gona ya kwana cikin duhu, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan yankin.

Da albashin masana'anta ya yanke, garin ya koma ga tsohuwar sana'arsa ta mashigi. Reluwe ya riga ya yi sanyi. An gyara layin, kamfanin CCECC na Sin ya yi daga Legas zuwa Jebba, Costain ya yi daga Jebba zuwa Kano, jirgin fasinja ya dawo a watan Disamba na 2012, amma bai dawo da ƙarfinsa na da ba. Kayan da taragu suke ɗauka a da yanzu tireloli da tankokin mai ne suke ɗauka, su ne kuma suke jeruwa a bakin titi suna ciyar da masu abinci da masu faci da 'yan ga-ruwa. Yadda rayuwar ta rataya a kan titin nan ya fito fili a watan Yuni na 2017, lokacin da ruwan sama ya karya gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa. Motoci suka yi cirko-cirko kwana da kwanaki, tumatir da dabbobi suka lalace a hanya, 'yan kasuwa a Legas da Kano duk suka ji a jikinsu.

Masana'antar takardar ba ta mutu murus ba. A 2006 gwamnati ta sayar da ita ga MINL, reshen wani kamfani na Indiya, aka sake tayar da wani ɓangare nata. Sababbin masu ita sun kauce wa matsalar kullu ta hanyar daina dogaro da itace: tsofaffin kwalaye da takardun da 'yan bola jari suke tsintowa a birane su ake lodowa a manyan motoci a kawo Jebba, a jiƙa, a narkar, a sake shimfiɗawa. Dabara ce mai kyau, kuma ta samar wa wasu abin yi tun daga juji har bakin inji. Sai dai zare yana gajarcewa duk lokacin da aka sake narkar da shi, saboda haka dole a riƙa samun sabon dogon zare yana shigowa daga wani wuri, kuma har yanzu wurin nan ƙetare ne. Nijeriya tana ci gaba da sayo mafi yawan takardar da take amfani da ita, har da wadda ake buga littattafan makaranta.

Masu bincike a jami'o'i da hukumar binciken albarkatun masana'antu ta tarayya sun daɗe suna nuna cewa akwai tsiro mai dogon zare da yake yi a ƙasar nan, kuma ba baƙo ba ne ga kowane manomi a Arewa. Rama ce, wadda ake kwaɗa ganyenta, a tuƙa igiya da ɓawonta. A ɓawon nan ne dogon zaren yake. Cikin watanni huɗu zuwa biyar take isa yanka, ba kamar itace da sai an jira shekaru ba, kuma ba ta bukatar ƙasa ta musamman. Abin da ya hana ta zama kayan masana'anta shi ne tsari: iri mai yawan ɓawo, injin sheme ɓawo daga kara a kusa da gona, da mai saye da zai yi wa manomi alkawarin farashi tun kafin shuka. Manoman Mokwa da Kontagora ba za su cika gonakinsu da rama ba sai sun tabbata akwai motar da za ta zo ɗauka da kaka, masana'anta kuma ba za ta kafa tukunyar dafa ta ba sai ta tabbata za ta samu dubban tan kowace shekara.